Seku Ture, Komin Gidan Waya Da Ya Zama Shugaban Gine

 A wannan fitowa ta takardar ƙungiyarmu mun kawo muku tarihin wani ma'aikacin gidan waya. Ba ɗan Adar ba ne, ba ma ɗan Nijar ba ne, amma babu tsohon da ya ga ƙuri'ar 1958 a Madawa, Buza ko Keita da bai san sunanshi ba. Shi ne Ahmadu Seku Ture na ƙasar Gine.

Ƴan cin rani na da sun san darajar gidan waya fiye da kowa. Kafin a fara aika kuɗi ta salula, mutum shina Abijan ko Kumasi, in zai aiko da kuɗin lanho ko na hatsi, ko dai ya ba wani mai komawa gida amana, ko ya tafi gidan waya ya aiko da manda. Komin da ke zaune bayan taga shi ke rubuta takarda, shi ke buga hatimi, shi ke ƙirga kuɗi. Irin wannan aiki ne Seku Ture ya fara da shi.

An haife shi a garin Farana, bakin kogin nan da ya ratsa Yamai, amma can sama kusa da inda ruwan ya taso. Takardun gwamnati sun ce ranar 9 ga Janairu 1922. Iyayenshi Malinke ne, talakawa, sai dai ta wajen uwa ana danganta shi da Almami Samori Ture, wanda ya yi shekaru shina yaƙi da Faransawa har sunka kama shi a 1898. Wannan dangantaka ta yi mishi amfani ƙwarai daga baya. Ya yi makarantar allo, ya yi lakwal, sa'an nan ya shiga makarantar koyon sana'a ta Georges Poiret a Konakiri. Bai daɗe ba anka kore shi, ana cewa don ya tada ƴan uwanshi ɗalibai a kan rashin kyaun abinci. Don haka bai je William Ponty ta Senegal ba, inda Hamani Diori da Jibo Bakari da Hufwet Bwanyi sunka yi karatu. Sauran iliminshi da kanshi ya neme shi, da karatun littattafai da dare. Masu tarihi da yawa na ganin bai taɓa manta wannan kora ba, kuma ita ta sa har ya mutu bai saki jiki da masu manyan takardu ba.

A 1940 ya samu aikin komi a wani kamfanin ciniki, Compagnie du Niger Français. A 1941 ya ci jarrabawar shiga aikin gidan waya, abin da ake ce ma PTT, anka aje shi Konakiri.

Ya kamata yara na yanzu su san yadda aikin Nasara yake a lokacin. Ma'aikata kashi-kashi ne. Akwai kashin Turawa a sama, akwai na ƴan ƙasa a ƙasa. Baƙar fata da Bature na iya zama ɗaki guda su yi aiki guda, amma albashi ba guda ba, kuɗin gida ba guda ba, kuɗin ɗiya ba guda ba. A ƙauye kuwa aikin tilas ne, ana kwasar mutane su yi hanya ko su ɗauki kaya ba lada, kuma kumandan na iya sa mutum kaso ba tare da shari'a ba. Kakanninmu na Adar sun sha wannan, ba sai mun faɗa ma dattijai ba. Sai a watan Agusta 1944 gwamnatin Janar de Gaulle ta fitar da doka da ta ba ma'aikatan ƙasashen mulkin mallaka damar kafa sandika, wato ƙungiyar kare haƙƙin ma'aikata.

Seku Ture bai yi jinkiri ba. A 1945, shina da shekara 23, ya tara abokan aikinshi sunka kafa sandikar ma'aikatan gidan waya, wadda ake ƙirgawa a matsayin ta farko ta ƴan ƙasa a Gine, shi kuwa ya zama babban magatakardanta. In kun duba za ku ga ba banza ba ne abin ya fara daga gidan waya. Ma'aikatanta sun iya karatu da rubutu. Suna ko'ina cikin ƙasa, duk garin da ke da kumandan akwai nasu. Wayar tangaraho da tarho na hannunsu, labari na isa Kankan ko Labe kafin mota ta isa. Kuma in sun aje aiki, gwamna kanshi ba ya iya magana da Dakar. Manomi in ya yi fushi, fushinshi na tsayawa ƙauyensu. Komin waya in ya yi fushi, ƙasa duka na ji.

Sandikar ta jingina da babbar ƙungiyar ƙwadago ta Faransa, CGT, wadda ke kusa da ƴan kwaminis. A wajensu ya koyi yadda ake shirya taro, yadda ake rubuta takardar koke, yadda ake kafa reshe a kowace unguwa. A Oktoba 1946 ya halarci taron Bamako inda anka kafa jam'iyyar RDA, a 1947 kuma shina cikin waɗanda sunka kafa reshenta na Gine, PDG. A 1946 ɗin ne dokar Hufwet Bwanyi ta kashe aikin tilas. Daga gidan waya ya koma aikin baitulmali, amma bai bar sandika ba, a 1948 ya zama shugaban haɗaɗɗiyar ƙungiyar CGT ta Gine baki ɗaya.

A Yuni 1950 ma'aikatan Konakiri sunka yi yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi, anka rufe shi kaso na ƴan kwanaki. Bayan haka hukuma ta so ta raba shi da mutanenshi, sai ta yi mishi canjin wurin aiki zuwa Nijar. Ku lura, a idon Nasara na lokacin ƙasarmu ita ce wurin da ake jefa ma'aikaci mai taurin kai. Ya ƙi zuwa, anka sallame shi daga aikin gwamnati a 1951. Sun zaci sun karya shi, ashe sun sake mishi hannu ne, don daga nan ba ya da wani aiki sai sandika da jam'iyya. A 1952 ya zama babban magatakardan PDG.

Abin da ya ɗaga shi sama da kowa shi ne rikicin dokar aiki. Shekara da shekaru majalisar Paris na jan ƙafa a kan dokar da za ta tsara aikin ƙwadago a ƙasashen mallaka. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikatan Afirka ta Yamma ta Faransa sunka aje aiki rana guda, tun daga Dakar, kuma Seku Ture na cikin manyan waɗanda sunka shirya abin. A watan Disamba anka sa ma dokar hannu. Ta ce aikin mako awa 40 ne maimakon 48.

To, ga inda gizo ke saƙa. Mafi yawan leburori da awa ake biyansu. Bari mu yi lissafin kamar yadda muke yi ma yara a allo. A ce mutum na samun dala 5 a awa. Awa 48 ta ba shi dala 240 a mako. In an mai da shi awa 40 ba a taɓa farashin awa ba, sai ya tashi da dala 200. An ba shi hutu an ɗauke mishi tuwo. Don ya koma kan 240 ɗinshi sai awa ta zama dala 6, wato ƙarin 20 cikin 100. Wannan ƙarin ne sandikoki sunka nema, hukuma da masu kamfani sunka ƙi ba da shi cikakke.

Ranar 21 ga Satumba 1953 ma'aikatan Gine sunka shiga yajin aiki, ba su koma ba sai ƙarshen Nuwamba. Fiye da wata biyu ba albashi. Wanda ya taɓa zaman birni da iyali ya san abin da wannan ke nufi. Abin da ya riƙe su shi ne mata da manoma. Mata ƙarƙashin Mafori Bangura sunka tsaya, wasu sunka sayar da zannuwansu da kayan adonsu don a ci abinci, ƴan kasuwa sunka ƙi sayar ma masu karya yajin, daga ƙauyuka kuwa anka riƙa aiko da shinkafa. A ƙarshe Paris ta sauko ta yarda da ƙarin. A Yamai ma an yi yajin aiki a wannan shekara, kuma mai ja gaba shi ne Jibo Bakari, tsohon mushen lakwal da ya koyar a Birnin Konni da Agadas, wanda shi ma ta hanyar CGT ya bi. Mutanen nan biyu tafiyarsu ta yi kama ƙwarai har zuwa 1958.

Daga nan sunan Seku Ture ya cika Gine. Alamar jam'iyyarshi giwa ce, Sili da harshen Susu, sai anka riƙa kiranshi da sunan. Ya faɗi zaɓen ɗan majalisa a 1951 da 1954, magoya bayanshi sunka ce hukuma da sarakunan kanto ne sunka yi maguɗi. Gaba ta yi tsanani har a Fabrairu 1955 wani sarkin kanto ya sari wata mace mai ciki ƴar jam'iyya, Mbaliya Kamara, a garin Tondon, ta mutu. A Janairu 1956 ya ci kujerar majalisar Paris, a ƙarshen shekarar ya zama magajin garin Konakiri, daidai lokacin da Jibo ya zama na Yamai. A fagen ƙwadago kuwa ya raba gari da CGT, shina cewa ma'aikacin Afirka ba ya buƙatar uban gida a Paris. A Janairu 1957 a Kwatano anka kafa UGTAN, ƙungiyar da ta haɗa sandikokin baƙar fata, kuma shi ya zama shugabanta daga baya. A zaɓen Maris 1957 PDG ta kwashe kusan duka kujeru 60 na majalisar Gine, ya zama shugaban ministocin ƙasar ƙarƙashin gwamna. Ranar 31 ga Disamba 1957 gwamnatinshi ta soke sarautar kanto baki ɗaya.

Wannan mataki shi ya bambanta Gine da Nijar. Da de Gaulle ya dawo mulki a 1958 ya ce kowace ƙasa ta zaɓa, ko i ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko a'a ta tafi ita kaɗai ba taimako. Ranar 25 ga Agusta ya sauka Konakiri, Seku Ture ya faɗa mishi gaban jama'a cewa talauci cikin ƴanci ya fi musu wadata cikin bauta. Janar ya tashi da fushi. Ranar 28 ga Satumba anka jefa ƙuri'a, kusan 95 cikin 100 na mutanen Gine sunka ce a'a. A nan gida Jibo da Sawaba su ma a'a sunka nema, amma Faransa ta aiko da sabon gwamna, Colombani, sarakuna da yawa sunka juya ma Jibo baya, i ta ci da kusan 78 cikin 100. Seku Ture ya riga ya kawar da waɗanda za a yi amfani da su a kanshi, Jibo kuwa ya tarad da su tsaye. Dattijan Madawa sun san sauran labarin, don Usmanu Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin manyan Sawaba, ɗan garinsu ne. An hana jam'iyyar a 1959, kuma Jibo kanshi ya yi shekarun ƙarshe na gudun hijirarshi a Gine kafin ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974.

Gine ta samu ƴanci ranar 2 ga Oktoba 1958. Faransawa sunka kwashe ma'aikatansu cikin ƴan watanni, sunka tafi da takardun ofis da kayan aiki, har da tarho ana cirewa daga bango. Tsohon komin waya ya gaji ƙasa da wayoyinta a tsinke. Kwame Nkuruma na Gana ya ba shi rancen fam miliyan 10, Rasha da ƙawayenta sunka shigo. A duk Afirka matasa sun ɗauke shi gwarzo, kuma a wannan rana ya cancanta.

Amma mu da muka ce za mu ba da tarihin ɗan sandika, dole mu tambaya: me ya yi da sandika da ya hau kujera? Tun kafin ƴanci, a 1958, ya fara gaya ma ma'aikata cewa yajin aiki a kan gwamnatin Nasara daidai ne, amma a kan gwamnatin ƴan ƙasa wani abu ne dabam. Bayan ƴanci anka haɗa sandikoki duka cikin ƙungiya guda, CNTG, ita kuma anka sa ta ƙarƙashin jam'iyya. Shugabannin ƙwadago sunka zama masu kai umurnin gwamnati ga ma'aikata, maimakon masu kai kukan ma'aikata ga gwamnati.

Waɗanda sunka fara gwada shi malaman makaranta ne, kuma wannan wuri ya taɓa mu. A Nuwamba 1961 sandikar malamai, ƙarƙashin Kumanjan Keita, ta rubuta takarda a kan albashi da matsayin malami. Irin takardar da Seku Ture kanshi ya rubuta ba adadi a zamanin gwamna. Sai anka ce makirci ne na kifar da gwamnati. Kotu ta ɗaure Kumanjan Keita da Mamadu Taraore da ake kira Ray Autra shekara goma-goma, wasu uku kuma shekara biyar-biyar, cikinsu har da Jibril Tamsir Niyan, wanda ya rubuta littafin tarihin Sunjata da ake karantawa a makarantun ƙasashenmu. Ɗalibai sunka fito zanga-zanga, anka murƙushe su anka rufe makarantu, anka kori jakadan Rasha bisa zargin shina da hannu. A 1950 Nasara ya rufe Seku Ture kwanaki kaɗan saboda yajin aiki. Shi ya ɗaure malamai shekara goma saboda takarda.

Daga nan makirci ya bi makirci. Gaskiya ne akwai masu neman kanshi. Ƴan leƙen asirin Faransa sun yi ta shirya mishi tarko tun farko, har da buga jabun kuɗi bayan ya fitar da kuɗin Gine a 1960. Ranar 22 ga Nuwamba 1970 kuwa sojojin Fotugal tare da ƴan adawar Gine sunka sauka Konakiri ta teku, don ya ba mayaƙan Amilkar Kabral na Gine Bisau mafaka. Amma kowane hari na gaskiya sai ya zama dalilin kwasar ɗaruruwan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ranar 25 ga Janairu 1971 anka rataye mutum huɗu a wata gada cikin Konakiri, har da tsofaffin ministoci, anka kawo jama'a kallo. Fodeba Keita, tsohon mushe, wanda ya kafa ƙungiyar rawa ta Ballets Africains, kuma ministan da ya sa hannu a soke sarauta, an kama shi a 1969 bai sake fitowa ba. Kurkukun barikin Boiro ya zama abin tsoro, inda ake rufe mutum ba ci ba sha har ya mutu. Haka anka yi ma Diyalo Telli, magatakardan farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wanda anka kama a 1976 cikin abin da anka kira makircin Fulani, ya mutu a farkon 1977. Waɗanda sunka hallaka dubbai ne. Waɗanda sunka gudu kuwa dubban ɗaruruwa, kuma ƴan cin raninmu na Abijan sun zauna unguwa guda da su, sun sayi kaya a shagunansu.

Ba za mu ce bai yi kome na kirki ba. Da anka tuɓe Nkuruma a 1966 ya karɓe shi ya ba shi girman shugaba. Ya ɗaga mata a siyasa, ya raya kiɗan gargajiya da ƙungiyoyi irin su Bembeya Jazz. Daga 1968 ya sa a koyar da yara da harsunan ƙasa, tunani mai kyau da mu malamai ba mu raina ba, sai dai an yi shi ba littattafai, ba horon malamai isasshe, shi ya sa bayan mutuwarshi anka watsar. Tattalin arziki kuwa ya lalace. Gwamnati ta riƙe ciniki, ta hana ƴan kasuwa, ta sa ƴan sandan tattalin arziki su bi mutane cikin kasuwa. Ƙasa mai ruwa da ƙasar noma ta koma sayen shinkafa daga waje, abin da ke shigo da kuɗi sai ma'adinin bokisit da kamfanonin Turawa da na Amurka ke haƙa a Boke.

Waɗanda sunka tsayar da shi a ƙarshe su ne waɗanda sunka ɗaga shi a 1953. Ranar 27 ga Agusta 1977 matan kasuwar Konakiri sunka tashi a kan ƴan sandan tattalin arziki, sunka nufi fadar shugaba, tashin ya bazu zuwa wasu garuruwa. An harbi mutane, amma dole ya sassauta ya bar ƙananan ƴan kasuwa su yi cinikinsu. Daga nan ya fara gyara zama da maƙwabta. A 1978 ya shirya da Sengor na Senegal da Hufwet Bwanyi a Monrobiya, a ƙarshen shekarar shugaban Faransa Giscard d'Estaing ya ziyarci Konakiri. Ya kusanci Saudiyya da Maroko, ya shiga sasanta yaƙin Iran da Iraƙi da sunan ƙasashen Musulmi.

Ciwon zuciya ya kama shi a Maris 1984, anka ɗauke shi cikin jirgi zuwa asibitin Cleveland a Amurka, can ya rasu ranar 26 ga watan, shina da shekara 62, bayan mulkin shekara 25 da ƴan watanni. Anka kawo gawa Konakiri, shugabanni da yawa sunka halarci jana'iza. Mako guda bayan rasuwar, ranar 3 ga Afrilu, soji ƙarƙashin Kanar Lansana Konte sunka karɓi mulki ba tare da wani ya tsaya kare jam'iyyar ba, sunka buɗe ƙofofin Boiro.

Sandikokin Gine sun daɗe kafin su farfaɗo. A farkon 2007 sunka yi babban yajin aiki, Rabi'atu Sera Diyalo ta CNTG da Ibrahima Fofana na USTG na gaba, mutane fiye da 100 sunka mutu, amma sunka tilasta ma Konte naɗa sabon firaminista. A Disamba 2021 gwamnatin soji ta Kanar Mamadi Dumbuya ta sa ma filin jirgin saman Konakiri sunan Ahmadu Seku Ture. Wasu sun yi murna, ƙungiyar iyalan waɗanda sunka mutu a Boiro kuwa ta fito ta ce ba ta yarda ba.